Ajin Koyon Rubutu a WhatsApp: Kunne Ba Ya Ganin Tazara

Yau kan azuzuwan koyon rubutu na WhatsApp za mu tsaya.

Kwanaki na shiga wani irin wannan aji, na zauna har aka yi bikin rufewa. Alherinsa a fili yake: matar aure tana ɗakinta, ɗalibi yana ƙauyensu, kowa na ɗaukar darasi ba kuɗin mota. Yawancinsu so suke su fara sakin labari a Wattpad ko Facebook, kuma wallahi akwai masu basira a ciki.

To amma kusan duk darussan da saƙon murya aka yi su. Malam ya yi bayani mai daɗi kan jigo da salo da warwarar jigo, ɗalibai suka turo aikin gida, aka bi su da "Masha Allah, ya yi kyau", shi ke nan. Ban ga inda aka ja wa wani layi a ƙarƙashin kalma ba.

Nan ne gizo ke saƙar. Ka'idar rubutu da ido ake koyon ta, domin kunne ba ya jin tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ku duba irin abin da ya wuce ba gyara:

Zan zo dashi ❌ Zan zo da shi ✅ (dashi na shuka ne)
Koda ya zo ❌ Ko da ya zo ✅ (saura ƙiris ta zama ƙoda)
Ya hau akan doki ❌ Ya hau a kan doki ✅ (akan ta sabo ce, kamar "akan yi ruwa a Agusta")
Ya na tafiya ❌ Yana tafiya ✅
Motar sa ❌ Motarsa ✅

In aka faɗe su da baki, duk ɗaya za ka ji. Sai a rubuce bambancin ke fita.

Sai maganar haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da 'y, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ. Wata ta rubuta "mun yi baki", alhali baƙi take nufi. Da aka yi magana sai aka ce ai waya ce. Wannan uzurin fa ya tsufa. Manhajar Gboard tana da Hausa, shiga saiti kawai za ka yi ka ƙara harshen. Ya kamata wannan ya zama darasin ranar farko a kowane aji.

Kuma ka'idojin nan ba jiya aka yi su ba. Tun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, kuma a 1966 an yi taro a Bamako kan daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Mutane sun sha wahala a kansu kafin su iso hannunmu.

Malamai, da girmamawa, ga shawara. Duk misalin da kuka faɗa da murya, ku biyo shi da rubutu. In ɗalibi ya turo aiki, ku ɗauki hoton shafin, ku zagaye kurakuran da jan alƙalamin da ke cikin WhatsApp ɗin, ku mayar masa ya sake rubutawa. Gara mutum ashirin da za a iya duba aikinsu da ɗari biyun da za a bi da tafi. Wanda aka yaba wa kuskure yau, gobe shi zai buɗe nasa ajin ya koyar da shi.

Ku kuma ɗalibai, kafin ku biya kuɗin rajista, ku karanta tallar ajin da kyau. In kuka ga "kuzo kuyi rijista", to kun ga malamin.

Wane kuskure kuka fi cin karo da shi a irin waɗannan azuzuwa? Ku kawo, mu gyara tare.