Zinariya Ɗaya Ce a Hannun Bezalel da na Haruna

Ɗan'uwa mai karatu, idan kana cikin masu tsallake surorin ƙarshe na Littafin Fitowa saboda yawan awon katako da lissafin labule, ina roƙonka ka koma gare su. Mutum na farko da Littafi Mai Tsarki ya kira da suna, ya kuma ce an cika shi da Ruhun Allah, ma'aikacin hannu ne: Bezalel ɗan Uri, na kabilar Yahuza. Aikin da aka cika shi dominsa shi ne ƙira da zinariya da azurfa da tagulla, yankan duwatsu masu daraja, da sassaƙar itace. Aka haɗa shi da Oholiyab na kabilar Dan, aka kuma ba su baiwar koya wa waɗansu.

Ka lura da yadda aka jera labarin. Daga sura ta 25 zuwa ta 31 Ubangiji yana ba Musa fasalin alfarwa ta sujada. Daga sura ta 35 zuwa ta 40 ana gina ta. A tsakani kuwa, cikin sura ta 32, sai ga ɗan maraƙin zinariya. A ganina wannan jeri da gangan ne. 'Yan kunne aka tara aka ba Haruna ya yi gunki, kayan ado irin waɗannan kuma jama'a suka kawo domin alfarwa, har sai da Musa ya sa aka hana su ƙarawa. Zinariyar ɗaya ce, wutar maƙera ma ɗaya ce. Haruna ya bi muryar taro, Bezalel ya bi fasalin da aka nuna a kan dutse.

Akwai wani abin da ya fi wannan jan hankalina. Da Musa ya tuhumi Haruna, sai ya ce shi dai ya jefa zinariya a wuta, maraƙi ya fito, alhali marubucin ya riga ya faɗa mana cewa shi ya siffanta shi da hannunsa. Mai gunki ya yi musun aikinsa. Na Bezalel kuwa an rubuta shi kamu-kamu da sunansa a kai, Musa ya duba shi duka kafin ya sa wa ma'aikatan albarka.

To, mu da muke sujada a Samaru da Sabon Gari, batun nan a ƙofar gidanmu yake. A kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, waɗansu ɗaliban zane suka kafa ƙungiya a 1958, cikinsu da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Abin da suka nema shi ne su haɗa dabarun da Turawa suka koya musu da fasahar gidajen iyayensu. Daga baya Nwoko ya tsara majami'ar 'yan Dominikan a Ibadan. Onobrakpeya kuma, a ƙarshen shekarun 1960, ya zana matakai 14 na hanyar gicciye domin wata majami'ar Katolika a Ebute Metta, Legas. Ya sa wa matan Urushalima tufafin ƙasar nan, ya sa wa masu gicciye Yesu kakin ma'aikatan mulkin mallaka.

Wani zai ce ya ƙara abin da Linjila ba ta faɗa ba. Ni ban ga haka ba. Hoton Yesu mai launin Bature da muke saye a kasuwa mu rataye a falo, shi ma tunanin wani mai zane ne, sabo ne kawai ya hana mu tambaya. Zanen Onobrakpeya ya fi shi gaskiya, domin yana tilasta wa mai kallo ya ga cewa hukuma mai kaki da makami ce ta kashe Almasihu, irin wadda kakanninmu suka sani. Kusa da mu ma, a Wusasa, an gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa bisa salon maginan Hausa, ba a kuma ce bangaskiyar masu sujada a cikinta ta ragu ba.

Duk da haka, sau nawa iyaye suke ɓata rai idan ɗansu ya ce zane ko sassaƙa zai karanta a Samaru, suna tsoron gumaka? Sau nawa kwamitin gini yake matse kafinta ko mai walda na Sabon Gari a kan farashi har ya koma ga katako mara ƙwari, sa'an nan a ce ai aikin Allah ne? Wanda muke kira Ubangiji, mutanen garinsu da sana'ar sassaƙa suka san shi, kamar yadda Markus ya nuna a sura ta 6.

Tsoron iyayen nan dai yana da tushe, kada mu rena shi. Macijin tagulla da Musa ya ƙera, da umarnin Allah ya ƙera shi, ya kuma zama hanyar warkarwa a jeji. Amma a zamanin sarki Hezekiya, Isra'ilawa suna ƙona masa turare, har sun sa masa suna Nehushtan. Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 18, ya lissafta farfasa shi cikin ayyukan kirki na sarkin.