Wa ke riƙe da littafin 'yan wasanmu?

Musu ya canza salo a gidajen kallon ƙwallo na Burumburum. Da can sai dai ka ji "wane ya fi wane iya taka leda", a yi ta ɗaga murya har a tashi baram-baram. Yanzu yaro zai zaro waya ya karanto maka ƙwallayen da Haaland ya ci, da sau nawa ya auna raga, har da nisan gudun da ya yi. Wasu dattawa na cewa lissafi ya kashe daɗin wasa. Ni ina bayan yaran, don musun da ke da hujja ya fi wanda mai babbar murya ke cinyewa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, alƙaluman nan kaf na Turai ne. Tambayi yaron a kan Kano Pillars. In ya yi ƙoƙari ya tuna kofunan 2008, 2012, 2013 da 2014, da ƙwallo 18 da Ahmed Musa ya zura a kaka guda kafin ya tafi Turai. To, daren da Pillars ta yi 2-2 da Al Ahly a Alƙahira a 2009, ta fitar da masu riƙe da kofin Afirka, su waye sha ɗayan da suka fara? Wa aka canza? Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978 kuwa, sai ka nemi tsoho, in ka yi sa'a bai manta ba.

Amurkawa suna da wani wasa, besbol, wanda ake jefo ƙwallo a make ta da sanda. Tun ƙarni na 19 wani ɗan jarida, Henry Chadwick, ya yaɗa ɗan jadawalin da ake cikewa a kowane wasa. Shi ya sa har yau za a faɗa maka cewa ranar 8 ga Oktoba 1956 Don Larsen ya yi jifa 97, ya sallami mutum 27 a jere ba wanda ya tsira. Fensir da takarda ne suka riƙe wannan, ba kwamfuta ba.

A dambe abin ya fi ciwo. Shago ya tsira ne albarkacin bakin Ɗan Anace, amma waƙa kirari ce, aikinta kambamawa. Kisa nawa ya yi, a wane fage, a turmi na nawa? 'Yan damben da ba su samu mawaƙi ba, an binne su da bajintarsu. Kuma mu 'yan garin nan bai kamata a koya mana darajar rubutu ba: ƙarshen Sarkin Kano Alwali a Burumburum ya zo, ga shi nan a littattafan tarihi shekara ɗari biyu da ɗoriya.

Kakar bana, in an kawar da amfanin gona samari suka fara gasar unguwanni, zan zauna a bakin fili da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Kwanan wata, sunayen 'yan wasa da laƙabinsu, wa ya ci, wa ya ba shi, wa alƙali ya kora. Ina neman yaro ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Kiru, da zai riƙe nasa.