Kyaftin Majid Ya Girmi Kofin Duniya na 2002

A wani shirina na rediyo na taɓa cewa an ƙirƙiri Kyaftin Majid ne don tallar gasar kofin duniya ta 2002, wadda Japan da Koriya ta Kudu suka karɓi baƙunci. Wani dattijo ya bugo waya daga Omdurman ya ce, "Ɗana, Majid ya girme ka." Na bincika, ashe da gaskiyarsa.

Katun ɗin da muka taso muna kallo da Larabci, asalinsa labarin zane ne a takarda mai suna Captain Tsubasa, na Yoichi Takahashi. Ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar Weekly Shonen Jump a 1981, ya ƙare a 1988, aka tara shi littafi 37. Na talabijin ya biyo baya a 1983. Abin da ya ruɗe ni ci gaba ne mai suna Road to 2002, wanda aka fara bugawa a 2001. Na ɗauki reshe a matsayin saiwa.

Wannan kuskure yana sauya ma'anar labarin. A 1981 Japan ba ta da gasar ƙwararrun ƙwallo, sai 1993. Ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba, sai 1998. Ke nan yaron da ke mafarkin ɗaukar kofin burin ƙasar da ba ta da komai a fagen yake ɗauke da shi. Shi ya sa yanzu nake yi wa ƙwallon nan mai yini a sama uzuri. Mai goyon bayan Hilal ko Marikh ya san irin wannan buri.