Ruwan Sama a Cikin Ɗaki

Masu sukar gidajen abincin nan na Amurka da ake kira tiki, masu kwaikwayon tsibiran Fasifik, hujjarsu ɗaya ce tak, wai ƙarya ce aka yi wa jinka. Ni kuwa a ganina, duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami ya leƙa ilmin balaga, ko da babin farko ne, ba zai kasa rarrabe ƙarya da majazi ba.

Tarihin ba shi da tsawo. Da aka ɗage haramcin giya a 1933, Ernest Gantt ya buɗe Don the Beachcomber a Hollywood, Victor Bergeron ya bi sawunsa a Oakland da Trader Vic's, sojojin da suka komo daga yaƙin tekun Fasifik suka cika kujeru, shigar Hawai cikin jihohin Amurka a 1959 kuma ta ƙara wa kasuwar armashi. Girkin na Sinawa ne. Barasar da gumakan katakon da ke wuraren ba huruminmu ba ne, mun bar wa masu su.

Abin da na tsaya a kansa shi ne ruwan sama. A Tonga Room, cikin otal ɗin Fairmont na San Francisco, wurin ninkaya aka mayar tafki a 1945. Makaɗa na bisa jirgi a tsakiyarsa, masu cin abinci na gefe ƙarƙashin ciyawa, can sai tsawa ta yi ƙugi, walƙiya ta gifta, ruwa ya kece daga rufi ya zuba a tafkin, alhali ko ɗigo bai taɓa rigar kowa ba. Hikimar tana cikin wannan iyakar da aka shata wa ruwan, domin an ba mutum sautin damina da inuwarta, an zare masa fargabarta, kuma babu wanda ya shiga yana zaton ya isa tsibiri, kamar yadda yaro ba ya tuhumar kakarsa a kan Gizo.

Bahaɗeje ya fi kowa cancantar fahimtar haka, saboda tasa tsawar ba ta da makunni. In hadari ya haɗo a Agusta, hankalinsa na kan shinkafarsa ta fadama, da jingar da aka tare kogi da ita, da kacallar da ta toshe hanyar ruwa, da labarin ko madatsun ruwan Tiga da Challawa sun tumbatsa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba zai biya ko kwabo don a yi masa tsawa ba. Ran da ya sayar da shinkafa ko bandar kifi, jinkar yake fara yayewa ya buga kwano. Ita kuwa jinkar sai ta ɓulla a farfajiyar otal-otal ɗin Kano, an ɗora ta bisa siminti, an rataya mata fanka, attajirai na zaune ƙarƙashinta suna cin gasasshen tarwaɗa da cokali mai yatsu.