Littattafan Labarin Zane a Kasuwar Dakoro: Sharhi Kan Jigo da Harshe

1.0 Gabatarwa

Labarin zane shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera hotuna gida-gida, a rubuta maganar kowane mutum cikin wata da'ira da ke fitowa daga bakinsa. A garuruwa irin su Dakoro, wanda ke kimanin kilomita 120 arewa da Maradi, kantin irin waɗannan littattafai shi ne tabarmar ɗan kasuwa, inda ake baje su tare da littattafan rubutu da alƙaluma. Sabon fitowa a nan yana nufin sabon isowa, domin kafin littafi ya baro Faransa, ya bi ta Yamai da Maradi, ya riga ya kwana biyu. Wannan sharhi zai duba uku daga cikin waɗanda ƴan lakwal na Nijar suka fi sani tsakanin shekarun 1960 da na 1980, wato Akim da Zembla da Kouakou, don a ga abin da suka kawo wa ɗan Bahaushe, da kuma abin da Hausa za ta iya yi da wannan fanni.

2.0 Jigo da taurari

Akim ɗan Italiya ne: Roberto Renzi da Augusto Pedrazza suka ƙago shi a 1950, aka fara buga shi da Faransanci a 1958. Zembla kuwa kamfanin Lug na birnin Lyon ya fito da shi a 1963. Dukansu ƙananan littattafai ne masu shiga aljihu, zanensu baƙi da fari, takardarsu mai araha. Dukansu kuma jikokin Tarzan ne, wanda Edgar Rice Burroughs ya ƙirƙira a 1912: Bature ya tashi a kurmin Afirka tsakanin namun daji, ya zama sarkinsu, shi ke raba gardama, shi ke ceton ƴan ƙasa.

Ba a musun gwanintar masu zanen wajen jan hankali. Kowane shafi yana ƙarewa ne a inda mai karatu ba zai iya ajiye littafin ba. Amma Afirkar da suka zana ba ta kowa ba ce. A cikin abokan Zembla har da kangaru, dabbar Ostireliya. Baƙar fatar da ke tare da shi kuwa, mai suna Yéyé, yaro ne da aka ɗora wa hular kwano, aka rataya masa agogon tebur a wuya, aikinsa ban dariya. Yaron da ya girma a bakin kwarin Tarka, tsakanin gonar hatsi da garken Fulani da ayarin Buzaye, an ce masa ga ƙasarsa, ya duba bai ga rijiya ko rumbu ba, bai kuma ga kansa ba sai a matsayin mai jiran ceto.

Mujallar Kouakou, wadda aka buga a Paris daga 1966 zuwa 1998 da tallafin gwamnatin Faransa, ta gyara rabin wannan aibi. Tauraronta yaro ne baƙar fata, mai wayo, mai warware matsala da kansa. Sai dai sunansa sunan rana ne na Akan, mutanen Gana da Kwaddibuwa, kamar a ce Ɗanjuma ko Balarabe a Hausa, kuma ƙauyensa an zana shi ne yadda zai yi daidai da kowace ƙasa rainon Faransa. Rigar da aka ɗinka don kowa, da wuya ta zauna wa wani daidai.

3.0 Harshe

Babban abin lura shi ne duk ukun da Faransanci suke magana. Yaron da bai yi nisa a lakwal ba, hotunan yake bi, ya cike giɓin da Hausar bakinsa. Wannan ya nuna cewa fannin ya karɓu tun kafin harshensa ya karɓu. Akwai dalilai uku da suka sa Hausa ta dace da shi.

Na farko, amsa-kama. Mai zanen Faransa yana da kalmomi irin su PLOUF da BOUM da PAF, waɗanda galibi ƙara kawai suke kwaikwayo. Hausa tana da takwarorinsu: faɗawa ruwa tsundum, faɗuwa ƙasa tim, tashin tsuntsu fir. Ta kuma zarce nan, domin tana da amsa-kamar abin da ba ya ƙara. Wuri ya yi tsit, mutum ya yi zugum, ɓarawo ya yi wuf ya shige. Har launi tana kamawa: fari fat, ja wur, baƙi ƙirin. A littafin da ba a sa wa launi ba, kalma ɗaya irin wannan tana yin aikin tawada.

Na biyu, hoto yana cike abin da ƙa'idar rubutu ta bari. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka sabon mai karatu kan yi tuntuɓe a kan gari, ko na zama ne ko na tuwo, da kuka, ko itace ne ko hawaye, da fara, ko ƙwaro ne ko launi. A labarin zane ba ya buƙatar komawa farkon jimla. Itacen yana tsaye a gabansa.

Na uku, ana rubuta da'irar magana ne da hannu, da manyan baƙaƙe. A zamanin da keken rubutu da maɗaba'u da yawa ba su da Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, alƙalamin mai zane bai taɓa rasa su ba, bai kuma da hujjar rubuta BAKI a inda ake nufin BAƘI.

4.0 Matsalar karin harshe

Akwai tambayar da duk mai son yin wannan aiki zai fuskanta: da wace Hausa taurari za su yi magana? Tarurrukan daidaita rubutu, tun daga na Bamako a 1966 zuwa na Yamai a 1980, sun shimfiɗa ƙa'idar rubutu, amma da'irar magana baki ce, ba takardar ofis ba. Manomin ƙasar Dakoro yana cewa munka tahi, ba muka tafi ba, yana cewa ɗiya, yana cewa hwara. In aka sa masa Kananci a baki, ya zama baƙo a gonarsa. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta bayanin mai ba da labari da daidaitacciyar Hausa, a bar kowane tauraro da karinsa. Ta haka yaro zai ga Hausa biyu a shafi guda, ya san inda kowace take aiki.

5.0 Kammalawa

Akim da Zembla da Kouakou sun koya wa yara bin labari shafi bayan shafi, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne. Amma sun yi hakan ne da harshen wasu, biyu daga cikinsu kuma da idon wasu. Marguerite Abouet ta nuna da littafinta Aya de Yopougon, wanda ya fito a 2005, cewa labarin unguwa guda, da maganar mutanenta, yana iya zagaya duniya. Kayan aiki ba su yi ƙaranci a ƙasar Hausa ba: ga Gizo da Ƙoƙi, ga Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar. Masu karatu suna nan. Abin da ya rage shi ne masana harshe da masu zane su haɗa hannu, don tabarmar ɗan kasuwar Dakoro ta samu littafin da yaro zai karanta hotonsa da rubutunsa da harshe guda.