Filoti biyar a layi ɗaya ba rarraba jari ba ne

A da, idan Bakano ya tara 'yan kuɗi, shawarar dillali ɗaya ce: sayi fili, zuba harsashi, ka manta da shi, ai fili ba ya cin abinci. Yanzu harkar ta buɗe. Wani ɗakunan ɗalibai yake ginawa a Danbare da Rijiyar Zaki saboda sabuwar BUK, wani sito yake ba 'yan hatsi haya a Dawanau, wani kango yake saye ya gyara ya sayar, wani kuma a Abuja ya ƙawata gida yana bayar da shi haya ta kwana-kwana. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ni ina maraba da hakan. Inda na ja daga shi ne masu ɗaukar yawan filaye a matsayin rarraba jari.

Mutum ne zai sayi filoti biyar na awon igiya a layi ɗaya, ta hannun dillali ɗaya, takardarsa ita ce ta mai unguwa da sa hannun shaidu, sannan ya ce ya raba ƙafa. Ranar da titi ya biyo ta wajen, ko magada suka taso da shari'a, biyar ɗin tare za su tafi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Kai haƙƙin zama aka ba ka, yawanci na shekara 99. Ko takardar gwamnati ma ba ta hana hawaye. A rusau na Yunin 2023, shagunan Filin Idi da gwamnatin baya ta bayar aka kwantar. Kotun tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare kake a siyasar Kano, wanda duk jarinsa yake wurin ya ji a jikinsa.

Sannan ga naira. Dalar gwamnati tana wajen 460 kafin Yunin 2023, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi fili miliyan goma ya sayar sha biyar a tsakanin nan yana murnar riba, alhali simintin da kuɗin za su saya masa ya ragu. Mai shago ko gidan haya aƙalla yana karɓar wani abu duk shekara, yana kuma iya ƙara kuɗin haya, kodayake yoyon rufi da ɗan hayan da ya ƙi tashi suna jiransa. Ɗakunan ɗalibai akwai kawo kuɗi, amma a tambayi masu su yadda suka kwashe da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022.

Kowane iri da masifar da take cin sa, shi ya sa haɗa su yake da amfani: abin da ya kayar da ɗaya ba lallai ya taɓa ɗayan ba. Mai ƙaramin ƙarfi ma akwai hannun jarin asusun gidaje irin na UPDC da SFS a kasuwar hannun jari ta Legas, wanda ake sayarwa ba tare da zaman jiran dillalin fili ba. A dai tuntuɓi malami kan yadda ribarsa take.

Alhaji, kafin ka biya la'adar filoti na shida, je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, ka binciki matsayin na farkon.