Labarin Zuciya A Tambayi Fuska: Tsokaci A Kan Ra'in Ekman

A shekarar 1971 Paul Ekman da Wallace Friesen suka buga nazarinsu a kan al'ummar Fore ta Niu Gini. Ra'in Ekman shi ne, farin ciki da baƙin ciki da fushi da tsoro da ƙyama da mamaki kamanninsu ɗaya ne a fuskar kowane ɗan'adam. Da ji, sai a ce karin maganar Bahaushe ya gaskata shi.

Sai dai kunya ta kawo wa ra'in cikas. Bahaushiya takan kau da kai daga ɗan farinta, ko sunansa ba ta ambata. Ɗalibaina a nan Kudu sun taɓa fassara wannan da rashin ƙauna, alhali a nan Bahaushe yake gane zurfinta. Ekman ya yarda al'ada kan ƙayyade abin da fuska ke nunawa, amma mayafi kurum ya ɗauke ta. A ganina, da al'adar ake karanta fuskar tun farko. Binciken 2014 a kan Himba na Namibiya ma ya nuna karatun fuska ya bambanta tsakanin al'ummu.

Saboda haka mai fassara adabinmu ya tambayi al'ada tukuna, don kada ya mayar da uwa maƙiyiya.